Littattafan Kawu Sun Zama Hayaƙi

Nasauvoli, tsibirin Kadavu
Fabrairu, 1995

Zuwa ga ƙanwata Torika, Uwar Sailosi,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, da fatan kina lafiya, ke da aikinki da tsofaffin Turawan da kike yi wa wanka a can ƙasarsu. Mu nan lafiya lau, sai gwiwar nan tawa ta hagu da ke sanar da ni zuwan ruwa tun hadari bai haɗu ba. Tabarau kuma ya karye a ƙafa ɗaya, na ɗaure shi da zaren kamun kifi.

Kin ce in riƙa rubuto miki labarin gari. Wane labari? Rogo ya yi, gwaza ta yi, aladen Apakuki maƙwabcina sun sake shiga maƙabarta. Kin dai san zamana tun da na ajiye alli. Da safe in dafa shayin ganyen lemo, in jiƙa biskit a ciki har ya saki jiki, in ja kujera bakin taga, in buɗe littafi. Sai gangar coci ta rana ta kaɗa nake tuna ban ɗora tukunya ba. Yanzu ina kan labarin wata mata mai kiwon zuma a ƙasar da ƙanƙara ke toshe ƙofar gida. Ita da yayanta sun yi shekaru ba sa magana saboda katangar gona. Ni da ban taɓa ganin ƙanƙara ba sai a firjin kantin garin Vunisea, jiya sai da na jawo mayafi na rufe ƙafafuna, ga gumi yana zuba. A hankali nake karanta shi don kada ya ƙare.

Ranar Asabar aka tayar da janareta a ɗakin taro, aka sa mana fim na 'yan damben nan masu tashi sama. Kaset ɗin ya sha wuya a hannun mutane, ana tsakiyar faɗan ƙarshe ya tsinke. Apakuki ya miƙe ya ƙarasa mana da baki da ƙafa har ya ture fitila. Gaskiya na fi jin daɗin nasa.

To, ga wata 'yar magana. Da ido da ido ne ba zan iya ba, tunda a al'adarmu wa da ƙanwa ba sa zama su yi doguwar hira, amma a takarda kunya na raguwa. Ɗanki Sailosi ya fara ɗaukar littattafaina. Idan ya taso daga gonar kava, saiwar nan da muke dakawa mu dama mu sha, yakan biyo ta nan kafin ya tsallaka rafi zuwa ƙauyensu. Sai ya tsaya gaban kanta, ya zaro ɗaya, ya tafa hannu cikin ladabi, ya sa a hammata. Haƙƙinsa ne. Vasu ne, ɗan 'yar'uwata, duk abin da idonsa ya so a gidan kawunsa nasa ne, ba a hana shi, ba a tambayarsa ina zai kai. Da alade ya ɗauka ko kwale-kwale, ko a jikina. Amma littattafan nan, Torika, tun rasuwar matata Mereoni su ne mutanen gidan. Kanta ta sama ta fara giɓi, kuma ba na son ganin giɓin.

Ban ce ki yi komai ba, faɗa kawai na yi. Af, jirgin ruwan Suva ya daina kawo tsofaffin jaridu, mashaya taba duk sun rasa abin naɗi. Fasto ya kwashe littattafan waƙa ya kulle a akwati.

Yayanki,
Ulaiasi


Griffith
Afrilu, 1995

Yaya Ulaiasi,

Ina gaishe ka da girmamawa. Wasiƙarka ta daɗe a hanya, amma ta iso. Ina lafiya, sai ciwon baya na ɗaga tsofaffi, ga sanyi ya fara shigowa. Gwiwar nan ka riƙa gasa ta, na san ka, sai ka zauna kana karanta ciwon wani ka manta da naka.

Yaya, a ɗakin wanki na karanta wasiƙarka, na zauna kan kwandon zannuwan gado na yi kuka har wata 'yar ƙasar Tonga da muke aiki tare ta ɗauka rasuwa aka yi. Sailosi yana karatu! Yaron da na tafi na bari yana firamare, wanda ya gudu daga makaranta har aka gaji aka ƙyale shi. Kullum in na kwanta sai in ce da ina nan da bai bar makaranta ba. Yau ga shi da ƙafarsa yana zuwa neman littafi. Jinin gidanmu ne ya motsa, ba wani abu ba.

Kai kuma har da kukan giɓi a kanta! Haba Yaya. Ka manta rediyon kawunmu da ka sungumo yana tsakiyar jin wasan ƙwallo, bawan Allah ya bi ka da ido kawai? Yau an zo kanka. Kada ka yi wa ɗana rowa. Littafi a nan banza ne, akwai shagon tsofaffin kaya na coci inda ake cika jaka da su. Na haɗa maka kwali guda, da sabon tabarau, ka jefar da na zaren kifi kada ka ba mu kunya.

Ni ba mai karatu ba ce kamarka, idona rufewa yake a shafi na biyu. Abin da nake yi ranar hutu shi ne in shiga sinima, in sayi askirim mai cakulan a kai, in zauna can baya inda ba tsohon da zai danna mini ƙararrawa. Sau da yawa barci nake yi, in farka an riga an yi auren. Akwai kuma wata tsohuwa a ɗaki na ƙarshe da ke sa ni in karanta mata littafi ɗaya tak, na girke-girke. Ba a barinta ta ci komai sai kunu, amma in na zo wurin man shanu sai ta lumshe ido.

Na rubuta wa Sailosi tasa daban. Na ce ya kwashi duk yadda yake so a wurinka, kuma duk wanda ya gama ya rubuto mini labarinsa. Ina kuma tunanin ya bar gonar nan ya koma karatu a birnin Suva, akwai ajin manya. Na fara tambaya. Ka taya ni lallashinsa.

Ƙanwarka,
Torika


Nasauvoli
Mayu, 1995

Uwar Sailosi,

Gaisuwa da fatan alheri. Kwali ya iso, tabarau ya zauna daidai, har na ga ashe bangon ɗakina ya yi fumfuna. Na gode. Gwiwa da sauƙi.

Wasiƙar da kika rubuta wa ɗanki ta riga kwalin isowa. Washegari sai ga shi da buhun fulawa.

“Kawu, tsohuwa ta ce in kwasa.”

“Ta ce ka kwasa?”

“Ga shi da hannunta. Ta ce in ka ɓata fuska in tuna maka rediyo.”

Na yi dariyar da ba ta kai ciki ba, na riƙe masa bakin buhun da kaina. Har na kan kujera ya haɗa, na matar nan mai zuma, da gashin kazar da nake sa alama yana ciki. Saura kaɗan in gama shi.

Torika, da ba ki kawo zancen Suva ba da na bar ki da farin cikinki. Amma kada ki gina ɗaki a kan abin da babu. Sailosi ba karanta su yake yi ba. Taba suke naɗewa da su, shi da abokansa da rabin mazan ƙauyuka biyu.

Na daɗe ina zargi, ranar Laraba na gani da idona. Muna zaune ana shan kava a rumfar Apakuki, ya zaro taba ya kunna, sai na hango rubutu a jikinta. Sabon tabarau ne ya ja mini. Na matsa na karanta: matar ta tsaya a bakin katanga, ta buɗe baki ta kira. Wuta na cin layin tana tahowa.

“Apakuki, tsaya! Kada ka zuƙa!”

“Lafiya, Malam?”

“Juyo da ita in ga wa ta kira.”

Sai dariya ta kama shi, garin dariya ya ja wani dogon numfashi, layin ya zama toka ya faɗa masa a cinya. Ya ce, “Malam, takardar nan ta fi jarida nesa ba kusa ba, ba ta ɗaci ko kaɗan. Ashe shi ya sa kake ƙaunarsu!” Duk rumfar ta ɗauka. Aka miƙo mini ƙoƙo, na tafa, na shanye. Har yau ban san ko yayanta ta kira ba ko kare.

Raina ya ɓaci ƙwarai, ba zan ɓoye miki ba. Na dawo gida na tsaya gaban kanta ina shafa waɗanda suka rage kamar mai ƙirga kaji bayan shaho ya wuce. Na yi tunanin in ɓoye su a ƙarƙashin gado. Amma kawun da ya ɓoye wa vasu kaya, da wane ido zai shiga coci?

Yanzu ki saurari sauran, don ya fi na farko muhimmanci. Tunda kin ce ya rubuto miki labarin abin da ya karanta, yaron ya shiga uku. Sai ya zo ya zauna a tabarma yana sosa ƙeya.

“Kawu, mai jan bangon nan, me ya faru a ciki?”

“Ai kai za a tambaya, kai ka shanye shi.”

“Haba Kawu, taimaka mini, tsohuwa na jira.”

Na fara ba shi a taƙaice don ya tafi. Labarin wani ɗan sanda ne mai gyambon ciki da ke neman ɓarawon ƙararrawar coci. Ban kai rabi ba ya ce, “Ƙarya ne, ba mai gadin ba ne, matar mai burodi ce.” Kuma ita ce! Ni sai da na kai shafin ƙarshe na gane. Tun daga ranar kusan kullum yana nan da yamma. Ya zo da kifi, ya kankare kwakwa, ya ɗora tukunya, ni ina ba da labari yana musu. In na tsaya shan shayi sai ya ce, “To sai me, Kawu? Kai matsalarka jan rai.” Ya gyara mini kwanon rufin da ke yoyo ba tare da na roƙa ba. Na yi shekaru ina karatu ni kaɗai, ban san ina marmarin wanda zai yi mini gardama ba sai yanzu. In zai tafi kuma ya tsaya gaban kanta, ya zari wani, ya tafa. Haka muke. Ban san yadda zan riƙe littattafan in riƙe yaron ba, kuma in dole sai ɗaya, kin san wanda zan zaɓa.

Saboda haka ina roƙonki, kada ki ce masa komai. Kada ya san na faɗa miki. Kawu ba ya kai ƙarar vasu wurin uwarsa, in ya ji, kunya ba za ta bar shi ya sake tako gidan nan ba. Ki bar zancen Suva ya mutu da kansa, in wasiƙarsa ta zo ki yaba masa.

Yayanki,
Ulaiasi


Nasauvoli
Yuli, 1995

Torika,

Lafiya kuwa? Jirgi ya zo ya koma ya sake zuwa, kullum in aika a duba jakar wasiƙu a wurin Fasto, babu komai daga gare ki. Ko sanyin can ne ya kwantar da ke? Ko tawa ce ba ta isa ba? In ba ta isa ba, babu komai a cikinta, surutun tsoho ne.

Mu nan lafiya. Kanta biyu sun tafi, saura uku da kwalinki. Jiya na ba Sailosi labarin wani mai kai wasiƙu a kan alfadari, ya yi dariya har ya ƙware da romon kifi. Ya ce in an sake kawo fim zai goya ni zuwa ɗakin taro saboda gwiwa. Na ce ya goya ubansa.

Ki rubuto ko layi biyu ne, hankalina ya kwanta.

Ulaiasi


Griffith
Agusta, 1995

Yaya,

Ka gafarce ni da shiru. Mura ce ta shiga gidan tsofaffin, ta kwashe mana mutum uku, har da mai littafin girke-girke, ni ma ta kayar da ni. Na warke yanzu.

Wasiƙarka ta Mayu ta iso, kuma ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Na riga na gaya wa duk matan cocinmu na nan cewa ɗana ya zama mai karatu. Wasiƙunsa biyu na karanta musu a tsaye bayan sujada, na ɗan sanda da na wani jirgin ruwa, suna ta sa albarka. Ashe bakinka ne a ciki, shi hayaƙi kawai ya sani. Littattafan da ka tara tun kana ɗan makarantar horon malamai, kana hana cikinka don ka saya!

Ka ce kada in ce masa komai. Yaya, ni za ka yi wa wannan? Ciki ɗaya muka fito. Kai ne za ka ce ka ƙoshi alhali ba ka ci ba, ka ce kada a raka ka kana jiran a raka ka. Da ba ka so in yi magana da ba ka cika shafi huɗu ba. Na gane, bakinka a ɗaure yake don kai kawu ne. To ni uwa ce, nawa a sake yake.

Na rubuta masa abin da bai taɓa ji daga gare ni ba. Na ce vasu ɗaukar abin da zai amfane shi yake yi, ba ƙona gidan kawunsa ba, kuma ya sa ka kuka da tsufanka. Don kada ya yayyage ta ya naɗa taba da ita, na rubuta wata zuwa ga baffansa, tsoho Waisake, na ce dangin ubansa su san abin da ɗansu yake yi. Tun watan jiya na aika, ina jin sun isa.

Ka kwantar da hankalinka, ba wanda zai sake taɓa maka kanta.

Ƙanwarka,
Torika


Nasauvoli
Satumba, 1995

Uwar Sailosi,

Na yi murna da kin warke. Allah Ya ji ƙan tsohuwar nan mai son man shanu. Ni lafiya.

Wasiƙun da kika aika musu sun riga wadda kika aiko mini isowa, don haka ban san komai ba sai da na ga mutane. Ina bakin taga da rana tsaka na hango layi yana tsallako rafi, tsoho Waisake a gaba da sanda, dattawan gidan marigayi mijinki a baya, Sailosi a ƙarshe da farar riga ta coci da kaya a kafaɗa. Na ɗauka mutuwa aka zo faɗa. Suka shigo a sunkuye ta ƙofar baƙi, suka zauna can ƙasa kusa da bakin ƙofa. Sailosi, wanda ke shigo mini ta ƙofar kicin yana ihun ina abinci.

Waisake ya ajiye ƙullin saiwar kava a gabansa, ya dafa ta, ya fara. Kin san irin maganar. Ya ce sun zo da kai a ƙasa, ɗansu ya yi ɓarna a gidan da ya fito, ya sa mai gidan zubar da hawaye har kukan ya tsallaka teku ya dawo. Sannan aka turo kayan gabana. Bangwayen littattafan ne, Torika. Kwalin bango ba ya naɗuwa, shi ya sa suka tsira. Ya bi gida gida ya tattaro su, wasu an yi fifita da su, wani an tokare ƙafar tebur, ya goge su ya ɗaure da igiyar kwakwa.

Na ce, “Waisake, ai wasa ne tsakanina da ɗana. Wa ya ce na yi kuka?”

Ya ce, “Malam, takarda ta zo, mun ji. Ka karɓa ka rufa mana asiri.”

Na dubi yaron, kansa na ƙasa. Na ce, “Kai, sarkin musu, yau ba ka da ta cewa?” Ina so ya ɗago ya yi mini murmushin nan nasa, a watse. Bai ɗago ba. Ya ce, “Kawu, na yi kuskure. Ka yafe mini.” Da irin muryar da ake yi wa baƙo magana ya faɗa.

Sai Waisake ya ƙarasa da abin da ya kashe ni. Ya ce daga yau hannun ɗansu ya fita daga gidan nan, ko ganyen lemo ba zai sake tsinka ba. Kin san in an kawo saiwar ban haƙuri ba a jayayya, ba a ce a rage wani sashe. Na ɗora hannu a kanta, na faɗi kalmomin karɓa, aka tafa. Aka dama, aka ba ni ƙoƙon farko na sha. Ina sha ina jin ina rufe ƙofar da hannuna, kuma babu yadda zan yi.

Tun ranar bai shigo ba. Yana wucewa ta hanya safe da yamma, ya cire hula, ya ce, “Sannu, Kawu,” ya wuce. Kifi yana zuwa, amma a rataye nake samunsa a reshen lemo.

Ba na ganin laifinki. Kin karanta ni yadda kika san ni, kuma sau tara cikin goma da kin yi daidai. Wannan karon abin da na rubuta shi nake nufi.

Na mayar da bangwayen kan kanta. In an kalle su daga nesa kamar komai na nan.

Yayanki,
Ulaiasi


Griffith
Nuwamba, 1995

Yaya,

Ina gaishe ka. Ban san da wace fuska zan rubuto ba. Na ɗauko wasiƙarka ta Mayu na sake karantawa a nutse, na ga wurin kifi da kwakwa da kwanon rufi. Ranar farko idona bai ga wannan ba, wurin taba kawai ya gani, da matan coci da za su yi mini dariya.

Na rubuta wa Sailosi sau biyu. Na ce ni ce na yi azarɓaɓi, kai roƙona ka yi in yi shiru. Amsa ɗaya ta zo, layi uku: yana lafiya, kava ta yi kyau bana, yana gaishe ni. Babu ɗan sanda, babu jirgin ruwa. Yaya, ko da bakinka ne a cikin waɗancan wasiƙun, su ne mafi tsawo da ɗana ya taɓa rubuto mini, kuma da hannunsa ya rubuta.

Da zan iya da na hau jirgi gobe. Amma ka san yadda takardun zamana a ƙasar nan suke, in na fita ba zan sake shigowa ba. Jiya na shiga sinima na zauna, ko barcin ma ya ƙi zuwa.

Ka gaya mini abin da zan yi. Wannan karon abin da ka ce shi zan yi, ba ƙari.

Torika


Nasauvoli
Janairu, 1996

Ƙanwata,

Barka da sabuwar shekara. Kirsimeti ta wuce lafiya, an ci alade an yi waƙa, guguwar da aka yi ta tsoro ta kauce mana. Ki daina azabtar da kanki. Kin tambaye ni abin da za ki yi, ni ma da na sani da na yi.

Na gwada abin da na iya. Na je wurin Waisake da tawa saiwar, ya karɓe ni da mutunci, ya ce ai magana ta riga ta mutu an binne, tono ta sabon cin fuska ne. Na sa Apakuki ya yi wa yaron magana, ya dawo ya ce, “Malam, ɗan nan naka ya zama fasto, ko tabar ma da ganyen ayaba yake naɗawa yanzu.” Na kira shi daga taga na ce kwano na yoyo. Ya zo da tsani ya hau ta waje, ya gyara, ya sauka ta waje.

Karatu kuma ya ƙi mini. Littattafai na nan, ba mai taɓawa, ga naki kwali guda. Sai in kai wurin da ya kamata a yi musu, in ɗago kai, ba kowa. In rufe in zauna ina kallon hanya.

Shekaranjiya na yi abin da in kin ji za ki ce na tsufa. Na sayi taba ƙulli guda a wurin Apakuki. Na zaɓi littafi mai kauri daga kwalinki, na kai bakin baranda daidai inda yake wucewa, na ɗora tabar a kai da ashana, don kada ya ce bai gane ba. Na koma ciki na zauna inda zan gan shi.

Hadari ya haɗu kafin ya taso daga gona. An fara yayyafi ya iso. Ya tsaya, ya dubi littafin, ya dubi tabar, ya daɗe a tsaye ruwa na sauka a kafaɗarsa. Sai ya ɗauka. Na ce a raina, yawwa, tafa hannu, ɗana, sa a hammata.

Ya goge bangon da gefen rigarsa. Ya tako har bakin ƙofa, ƙafafunsa a waje, ya miƙo hannu ya ajiye su a kan tabarma daga ciki.

“Kawu, ka manta littafinka a waje. Zai jiƙe.”

Na ce, “Shigo mana, ruwa ake yi.”

Ya ce, “Ba komai, Kawu, na riga na jiƙe.” Ya sa hularsa ya gangara rafi.

Ki gaishe da matan cocinku.

Yayanki,
Ulaiasi